Zauren Tambaya da Amsa: Kewar da ke Jiran Mai Barin Zaman Ƙasar Waje

Wasiƙun wannan fitowa kan magana ɗaya suka taru: mutum ya daɗe a wata ƙasa, ya yanke shawarar tattara nasa ya nasa ya koma, to me zai bari wanda zai zo yana cizon yatsa a kansa? Dokokin da muka kawo na ƙasashen da masu tambayar suke zaune ne. Doka kuwa tana sauyawa, saboda haka a leƙa shafin hukumar da abin ya shafa kafin a sa hannu a kowace takarda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina aiki a Ingila, kuma na sa ranar komawa gida gaba ɗaya. Abokai suna ta ce mini zan yi kewar nan, ni kuwa ban ga abin kewa a sanyi da tsadar haya ba. Me kuke ganin zai fi damuna? (Malamin makaranta, Manchesta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sanyi da haya ba za su biyo ka ba, wannan mun yarda. Amma kewa ta wajen ƙananan abubuwa take shigowa, waɗanda mutum ya saba da su har ya daina ganinsu, shi ya sa wanda bai tashi ba tukuna ba ya iya lissafa su.

Babba a ciki shi ne sanin hanya. A shekara 11 ka san ofishin da ake zuwa don kowace takarda, ka san lokacin da layi yake raguwa, ka san makanikin da ba ya ƙari a lissafi da likitan da ya san tarihin jikinka ba sai ka faro masa daga tushe ba. Wannan sani ba ya shiga akwati. A inda za ka koma ma kana da irinsa, sai dai naka ya tsufa: ofisoshi sun tashi, ma'aikatan da ka sani sun yi ritaya, abin da ake yi da takarda ya koma cikin waya. Za ka tsinci kanka kana tambayar yaron da ka bari yana rarrafe yadda ake biyan kuɗin kaza. Wannan yana yi wa mutane ciwo fiye da yadda suke faɗa, domin wanda zai tafi ƙasar wani ya shirya wa baƙunta, wanda zai dawo gida kuwa bai sa ran ta ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka maganar take.

Sai mutanen da zaman baƙunci ya haɗa ku: wanda ya ɗauko ka daga filin jirgi, wanda ya kwana da kai a asibiti, maƙwabcin da yake riƙe muku makulli. A ƙasar waje aboki yana tsayawa a matsayin wa da ƙane da kawu gaba ɗaya, tunda su ba sa kusa. Waya ba ta riƙe irin wannan zumunci yadda ake zato. Watannin farko a kira kullum, daga nan sai saƙo, daga nan sai gaisuwar shekara.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa a fili ba, wato rashin sa ido. Ka fita ba wanda ya san ɗan wane ne, ba wanda zai auna abin da ka saka ko ya tambayi inda ka kwana biyu. Wasu sun tsani wannan kaɗaici tsawon zamansu, sai sun koma su gane ashe akwai hutu a cikinsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. Tun 1963 John da Jeanne Gullahorn suka nuna cewa ruɗanin da baƙo yake shiga bayan ɗokin isowa ya lafa, irinsa yake sake shiga bayan ɗokin komawa gida ya lafa. Shawararmu: wata 3 kafin tafiya ka ɗauki takarda ka raba ta biyu. Gefe ɗaya abin da za ka iya tserarwa idan ka yi shiri, kamar izinin zama, fansho, takardu da lambar waya. Ɗaya gefen abin da dole ka bari. Na farkon aiki ne na ofis-ofis, kuma sauran tambayoyin da ke ƙasa a kansa suke. Na biyun sallama yake buƙata, ta gaskiya, mutum da mutum. Kada ka tara kowa a liyafa ɗaya daren tafiya kana ɗaure akwati kana gaisawa.

Tambaya: Ina da izinin zama na dindindin. Idan na koma gida abin bai yi mini ba, zan iya dawowa da shi? (Injiniya, Jamus)

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tsada a wasiƙun nan. Izinin da ake kira na dindindin yana mutuwa idan mai shi ya daɗe ba ya ƙasar, kuma ba wanda zai aiko maka da wasiƙar gargaɗi. A bakin iyaka za ka ji labari.

A Jamus, inda kake, wa'adin gajere ne ƙwarai: wata 6 a waje, izinin ya faɗi. Yana ma iya faɗuwa tun kafin nan idan ya bayyana cewa tafiyar ba ta wucin gadi ba ce. Mafita biyu ne. Ko dai ka je ofishin baƙi kafin ka tashi ka nemi a ba ka wa'adi mafi tsawo a rubuce, ko kuma, idan ka yi shekara 15 kana zaune bisa doka kuma kana da abin riƙe kanka, izininka ba ya faɗuwa. Shi ma ka karɓi takardar shaidar haka a hannu. Kada ka dogara da abin da wani ma'aikaci ya faɗa maka da baki.

Ga masu karatu na wasu ƙasashe: a Birtaniya izinin zama marar wa'adi yana mutuwa bayan shekara 2 a jere a waje, daga nan sai an nemi bizar mazaunin da ke dawowa, wadda ba tabbas a ba da ita. A Kanada ana son mutum ya kwana 730 a ƙasar cikin kowace shekara 5, ba lallai a jere ba. A Amurka, katin zama ba ya isa shiga da shi idan an wuce shekara 1 a waje, kuma tun daga wata 6 jami'an iyaka suke fara tambayoyi. Wanda ya san zai daɗe sai ya cike fam I-131 ya nemi izinin sake shiga, mai aiki har shekara 2. Inda mutane suke faɗuwa shi ne dole a shigar da fam ɗin mutum yana cikin Amurka, a kuma ɗauki zanen yatsunsa a can. Wanda ya riga ya tashi ya makara. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bizar zama ta yau da kullum tana lalacewa bayan wata 6 a waje.

Dabarar nan ta leƙowa mako ɗaya a shekara don a raya kati, ba mu ba ka shawararta ba. Jami'an Amurka musamman suna duba inda mutum yake zaune da gaske: ina gidansa, ina aikinsa, ina yake biyan haraji. Idan kuma saura 'yan watanni ka cika sharuɗɗan zama ɗan ƙasa, kuma ƙasarka ta asali ta yarda da fasfo biyu, to ɗage tafiyar ya fi. Fasfo ba ya mutuwa saboda daɗewa a waje yadda izinin zama yake mutuwa.

Tambaya: Shekarata 7 a wani kamfani a Jidda, ina so in yi murabus in koma. Nawa ne haƙƙina na sallama, kuma me zai iya hana ni fita? (Direban babbar mota, Saudiyya)

Amsa: Ɗan'uwa, ka tsaya tukuna kafin ka rubuta takardar murabus, domin kalmar nan kaɗai tana iya cinye sulusin kuɗinka.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ce ana ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara daga shekaru 5 na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara da ta biyo baya, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. A ce albashinka riyal 4,000 ne. Shekara 5 sau 2,000 ya ba da 10,000, shekara 2 sau 4,000 ya ba da 8,000, jimla 18,000. Wannan idan kwantiragi ya ƙare ne ko kamfani ya sallame ka. Idan kai ka yi murabus, wanda bai cika shekara 2 ba ba shi da komai, daga 2 zuwa 5 sulusi, daga 5 zuwa ƙasa da 10 kashi biyu cikin uku, sai wanda ya cika 10 yake karɓar duka. A misalinmu, murabus zai mayar da 18,000 ta zama 12,000. Saboda haka ka duba ranar da kwantiraginka zai ƙare. Idan ta kusa, ka sanar da su a rubuce, cikin wa'adin da kwantiragin ya gindaya, cewa ba za ka sabunta ba, ka jira ta cika. Masu aikin gida dokarsu daban ce, kada su yi lissafi da wannan.

Game da fita: ba a ba da bizar fita ta ƙarshe idan akwai tarar hanya da ba a biya ba, ko mota da ke rajista da sunanka. Ka shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya na intanet, ka duba duka biyun, ka sayar da motar ka tabbata an sauya suna, ba a bar ta a hannun wani da alƙawarin zai sauya ba. Bayan an buga bizar kana da kwana 60 ka fita. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka sai kuɗin sun shiga asusunka ka gan su, domin neman haƙƙi daga wata ƙasa wahala ce da ba ta cika ƙarewa ba.

Ga na Daular Larabawa: kwana 21 na albashin tushe a kowace shekara daga 5 na farko, kwana 30 bayan haka, kuma jimla ba ta wuce albashin shekara 2. A lura, albashin tushe ne, ban da alawus ɗin gida da na mota.

Tambaya: Kuɗin fansho da ake cire mini duk wata, sun tafi ke nan idan na bar ƙasar? (Ma'aikaciyar jinya, Landan)

Amsa: Ba su tafi ba, Malama, amma sai kin bi su. A Birtaniya fanshon gwamnati yana buƙatar aƙalla shekara 10 na biyan inshorar ƙasa kafin a sami ko kaɗan, 35 kuma kafin a sami cikakke a sabon tsari. Ki shiga shafin gwamnati ki duba shekarun da aka rubuta miki. Idan 9 ne da 'yan watanni, kin ga abin da ya kamata ki yi. Ana biyan fanshon ko ina mutum yake, sai dai akwai wani tarko: ƙarin da ake yi duk shekara yana bin mazauna galibin ƙasashen Turai ne da waɗanda ke da yarjejeniya da Birtaniya, kamar Amurka da Jamaika da Filifin. Mazauna Kanada da Ostareliya da galibin ƙasashen Afirka, a kan adadin da suka fara karɓa ake daskarar da nasu, shekara 20 ko 30 ba ƙari. Fanshon wurin aiki kuma asusu ne daban. Ki rubuta sunan kowane tsari da lambarki a ciki, ki ba su sabon adireshi da imel ɗin da ba na wurin aiki ba. Yawancin fanshon da yake ɓacewa ta hanyar sauya adireshi yake ɓacewa. Ki kuma cike fam P85 na hukumar haraji, domin wanda ya bar aiki a tsakiyar shekarar haraji, wadda take farawa 6 ga Afrilu, sau da yawa ya biya fiye da kima kuma ana mayar masa.

A Jamus shekara 5 na biya ne suke ba da haƙƙin fansho. 'Yan ƙasashe da yawa na wajen Tarayyar Turai suna iya neman a mayar musu da abin da suka biya bayan wata 24 da fita daga tsarin, amma kason ma'aikaci kawai ake mayarwa, na kamfani ya zauna, kuma duk haƙƙin fansho ya shafe. A Amurka maki 40 ake nema, kimanin aikin shekara 10, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya tsayar masa da biya bayan wata 6 a waje, gwargwadon ƙasar da yake riƙe da fasfonta. Mai asusun fanshon wurin aiki na 401(k) da ya kwashe kuɗinsa kafin shekara 59 da rabi yakan biya tarar kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ban da harajin da za a cire.

Tambaya: Ni kayan kicin ɗina da na ɗaki nake jin bari. Maigida ya ce mu sayar, ni na ce mu ɗauki kwantena. Wa ya fi gaskiya? (Uwargida, Torento)

Amsa: Hajiya, kowa da rabonsa na gaskiya a nan, amma a kan kayan wuta maigida ya fi ki.

Kanada da Amurka wutarsu volt 120 ce, mai zagaye 60 a daƙiƙa. Turai da galibin Afirka da Asiya volt 220 zuwa 240 ne, mai zagaye 50. Ki juya kowace na'ura ki karanta rubutun da ke bayanta ko jikin cajarta. Idan an rubuta 100–240V, 50/60Hz, kamar yadda yake a yawancin kwamfutoci da cajar waya, bakin fulogi kawai za ki sauya. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sa ta a wutar 230 ƙonewa ne nan take. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta, amma dole ta fi na'urar ƙarfi da tazara mai kyau: butar lantarki ko dutsen guga mai wat 1,500 yana son taransifoma ta wat 2,000 ko fiye, abu mai nauyi da sau da yawa ya fi na'urar kanta tsada. Sannan taransifoma ba ta gyara zagayen wuta. Duk abin da ke da mota a ciki, firij, injin wanki, injin markaɗe, idan na zagaye 60 ne aka sa shi a 50, zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. Talabijin ma tsarin kama tashoshinsa na Arewacin Amurka daban yake, sai dai a haɗa shi da dikoda.

Abin da ya cancanci ɗauka shi ne wanda ba ya cin wuta kuma yana da inganci ko tarihi: tukwane masu kauri, wuƙaƙe, littattafai, kayan aikin sana'a, hotuna. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin mita kubik 33 na kaya, mai ƙafa 40 kimanin 67, amma a aikace ba a cika ta taf. Idan kayanku ba su kai rabin ƙaramar ba, ku shiga ta haɗaka, inda ake biya gwargwadon wurin da kaya suka ci. Ku nemi farashi daga kamfani uku, kuma ku tambayi kowanne a rubuce: har ƙofar gida ne ko tashar jirgin ruwa kawai? Nan ne kuɗi suke ɓuya, domin kuɗin sauke kaya, na kwastan da na kwanan kwantena a tasha duk a can ƙarshen suke jira. Ku rubuta abin da ke cikin kowane kwali da lambarsa, ku yi inshora a kan wannan jerin, ku kuma binciki sharaɗin ƙasar da za ku na shigo da kayan gida ba haraji, don yawanci yana da wa'adi daga ranar isowa. Mota kuwa, a tabbata ɓangaren sitiyarinta da shekarunta sun dace da dokar can kafin a biya ko sisi.

Fasfo, takardun shaida, zinariya, magani da batiran litiyam ba sa shiga kwantena. A jakar hannu suke tafiya.

Tambaya: Zan rufe layin wayata da asusun banki ranar da zan tashi. Akwai matsala? (Ɗalibi da ya kammala, Faransa)

Amsa: Akwai, babba ma. Lambar nan ita ce makullin bankinka, imel ɗinka da shafin haraji, domin ta nan suke turo lambar tabbatarwa. Ka rufe ta, ka kulle kanka a waje. Ka mayar da layin na biya-kafin-amfani, ka tabbata yana karɓar saƙo a ƙasar waje, ka riƙa amfani da shi jifa-jifa don kamfanoni suna kashe layin da ya yi watanni shiru. Duk inda aka yarda, ka mayar da tabbatarwa zuwa manhajar da ke ba da lamba ko ba layi. A WhatsApp ka bi hanyar sauya lamba da ke cikin saituna don kada ka rasa rukunoninka. Idan da kwantiragi ka sayi wayar, a buɗe ta don ta karɓi layin wani kamfani kafin ka tashi.

Asusu ɗaya ka bar shi a buɗe aƙalla wata 6, saboda kuɗin ajiyar haya, ragowar haraji da lissafin ƙarshe na wuta da ruwa duk bayan tafiyarka za su zo. Ka gaya wa bankin gaskiya cewa ka bar ƙasar, ka ji ko suna riƙe asusun wanda ba mazauni ba. Tunda ɗalibi ne kai, ka karɓi takardar digiri da cikakken sakamako, a buga musu tambarin afostil na yarjejeniyar Heg ta 1961, wanda yake tabbatar da sahihancin takarda a wata ƙasa, idan ƙasar da za ka tana ciki, in ba ta ciki kuma a bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Kuɗi a hannu, daga yuro 10,000 dole a bayyana wa kwastan lokacin fita daga Tarayyar Turai.

Tambaya: Mahaifiyata tana da ciwon sukari, kuma a nan ake duba ta. Yaya za mu yi da maganinta idan mun koma? (Wata 'yar'uwa, Birmingham)

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ki sani cewa kulawar asibiti kyauta a Birtaniya da zama take tafiya. Ranar da ta daina zama mazauniya haƙƙin ya tsaya, ko da tana da fasfon ƙasar, kuma idan ta dawo ziyara ana iya cajin ta kuɗin asibiti, a Ingila har kashi 150 cikin 100 na farashin aikin.

Wata 2 kafin tafiya ki nemi kwafin fayil ɗinta. Haƙƙinta ne, kuma suna da wata 1 su ba da shi. Ki sa likita ya rubuta taƙaitaccen bayani mai ɗauke da sunan asali na kowane magani da ƙarfinsa, domin sunan kamfani yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A haɗa da sakamakon gwajin HbA1c na ƙarshe (mai nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya), na ƙoda da na ido. Akwai abin da yake ruɗa mutane: Birtaniya tana auna sukari da mmol/L, ƙasashe da yawa kuma da mg/dL. A ninka na farko sau 18 a sami na biyu, wato 7 a can ita ce 126 a ɗaya ma'aunin. Ki duba ko ana samun tsinken gwajin na'urarta a inda za ku, in ba haka ba na'urar ta zama kwalliya.

Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kada ya shiga akwatin da za a sa a ma'ajiyar kayan jirgi, don yana iya daskarewa, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. A jakar hannu mai riƙe sanyi, tare da wasiƙar likita. Ki samo likitan da zai karɓe ta tun kafin ku tashi, kada a jira sai magani ya kusa ƙarewa.

Tambaya: 'Ya'yana uku a nan aka haife su, babban shekararsa 9. Kullum ina ce musu za mu koma gida, amma ƙaramar kuka take yi. Me zan yi? (Uba, Lids)

Amsa: Malam, gidan da kake nufi naka ne. Su wurin da ka kira baƙunta shi ne gidan da suka sani, kuma abin da za su rasa ya fi naka yawa: abokai, malamai, hanyar makaranta, har da yadda ake wasa da dariya. Tun shekarun 1950 masaniyar zamantakewa Ruth Hill Useem ta yi nazarin irin waɗannan yara da suka tashi tsakanin al'adar iyayensu da ta ƙasar da suke zaune. Ka daina ce musu za su ji daɗi kawai. Ka bar su su faɗi abin da za su yi kewa ba tare da ka gyara musu magana ba. Kowanne ya zaɓi kayan da zai cika ƙaramar jaka da kansa, ko da kai a wurinka tarkace ne. A tashi a ƙarshen shekarar karatu in da hali, a karɓi rahoton makaranta da jan littafin rigakafi, a kuma fara harshen can a gida tun yanzu, ko na rabin sa'a a yini. Ka ja kunnen dangi tun da wuri kada a mayar da karin harshensu abin dariya, don yaron da aka yi wa dariya sau biyu yakan yi shiru ne gaba ɗaya.

Sai wani abu da ba ka tambaya ba. Haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta ba da ɗan ƙasa. Amma yaron da aka haifa a can ya kuma yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can, ba tare da ya wuce kwana 90 a waje a kowace shekara ba, yana da haƙƙin a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa ko mene ne matsayin iyayensa. Idan babban naka bai riga ya samu ta hanyarku ba, shekara 1 ta rage masa. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka sayi tikiti.

Tambaya: Wata 5 ke nan da dawowata bayan shekara 14 a waje. Kowa yana murna, ni kuwa dare ya yi sai in ji kamar in koma. Butulci ne? (Mai karatu)

Amsa: Ba butulci ba ne, ɗan'uwa, sabo ne, kuma wata na 5 lokacinsa ne: baƙi sun daina zuwa sannu da zuwa, rayuwar yau da kullum ta fara. Kada ka yanke hukuncin zama ko komawa sai ka ga shekara ta zagayo, in dai wa'adin izinin zamanka bai fi haka gajarta ba. In ya fi, ka rubuta ranar ƙarewarsa inda za ka riƙa gani. Ka rage cewa "a can kaza ake yi" a gaban mutane, don ko da gaskiya ka faɗa kunnensu gori yake ji. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da suka taɓa dawowa irin taka, da su za ka yi wannan hirar. Abubuwan da ka saba yi a can waɗanda ba su da alaƙa da ƙasar, kamar tafiyar ƙafa da safe, karatu ko motsa jiki, ka mayar da su kan lokacinsu. Abokan can kuma ka tsayar da rana guda a wata ta kira, da la'akari da bambancin sa'o'i.

Idan kuwa abin ya kai ga rashin barci, rashin cin abinci, ko ka daina jin daɗin komai kusan kullum har sama da mako 2, to ya wuce kewa, ka ga likita.